Me Ya Sa Kilo Ukun Ƙarshe Suka Fi Ashirin Ɗin Farko Wuyar Sauka?

Mutum mai nauyin kilo 110 da ya fara tattaki da yamma, ya bar lemon kwalba, ya mayar da malmalar tuwonsa daga uku zuwa biyu, zai iya ganin kilo 4 ko 5 sun tafi cikin watan farko. Shi kuwa wanda ya daɗe yana buga ƙwallo ko ɗaga ƙarfe, nauyinsa kilo 75, burinsa kawai ya kawar da ɗan kitsen da ya maƙale a ƙasan cibiya, sai ya yi wata biyu yana takura wa kansa sikeli bai ko motsa ba. Sau da yawa na biyun ya fi na farkon himma da sanin abin da yake yi. Abin da ya bambanta su shi ne jikin da kitsensa ya riga ya yi ƙasa lissafinsa dabam ne, kuma dabarar da ke aiki a farkon tafiya, wato a ƙara gudu a ƙara rage ci, ita ce ke ɓata al'amari a ƙarshenta.

Bari mu fara da ajiyar kanta. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa kuma jiki ke ƙonawa, wajen 7,700. Idan mai kilo 110 ɗin nan kashi 35 cikin 100 na jikinsa kitse ne, yana da ajiyar kilo 38 da rabi. Mai kilo 75 da kitsensa ke kashi 15 cikin 100 yana da kilo 11 kacal. Kuma jiki ba ya iya kwasar ajiyar nan yadda ya ga dama, akwai iyakar abin da kowane kilo na kitse zai iya saki a rana. A shekarar 2005 wani masani mai suna Seymour Alpert ya ƙiyasta iyakar da kusan kalori 69 a kan kowane kilo na kitse a rana. Ƙiyasi ne na lissafi, kada a riƙe shi kamar awon gwal, amma yana nuna inda matsalar take. Na farko zai iya ciro sama da kalori 2,600 a rana daga kitsensa, na biyu kuwa bai wuce 760 ba. Duk giɓin da ke tsakanin abin da aka ci da abin da aka ƙona, in ya zarce haka, daga tsoka jiki zai cike shi. Tun a shekarun 1980 Gilbert Forbes ya nuna hakan: gwargwadon ƙarancin kitsen mutum, gwargwadon yawan tsokar da ke cikin kowane kilon da ya sauke. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa ya yi horon yunwa na wata guda, sikeli ya nuna ya ragu, amma hannuwa sun sirance, ƙarfen da yake ɗagawa ya fara yi masa nauyi, tumbin kuma yana nan inda yake.

Sai batun abin da jiki ke ƙonawa. Ƙaramin jiki ƙaramin mai yake sha. A gudu, mutum na ƙona kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 95 da ya yi kilomita 5 ya ƙona wajen 475. Ranar da ya dawo kilo 75, gudun nan dai, hanyar nan dai, 375 yake ba shi. Haka abin yake a tafiya, da hawa bene, har da kwanciya. Abincin da ya saukar da shi daga 95 zuwa 80, shi ne yanzu daidai buƙatarsa, ba ragi ba ƙari.

Akwai maganar da ake yawan yi a wuraren motsa jiki cewa tsoka na ƙona kitse ko kana barci, don haka mai tsoka ba shi da matsala. An zuzuta ta da yawa. Kilo ɗaya na tsoka a lokacin hutu kalori 13 yake ci a rana, kilo ɗaya na kitse kuma wajen 4 da rabi. Manyan masu cin mai su ne hanta, ƙwaƙwalwa, zuciya da ƙoda. Wanda ya sha wahalar shekara biyu ya ƙara kilo 4 na tsoka ya samu ƙarin kalori 50 ne a rana, bai kai ƙwai ɗaya ba. Tsoka na da amfani mai yawa, ga ƙarfi, ga kare gaɓoɓi, ga daidaita sukari a jini, amma ba lasisin ci ba ce.

Jiki yana tsuke hannu

Idan rumbu ya cika bayan kaka, uwargida ɗiba take ba ta ko duba mudu. Da damina ta yi nisa aka fara hango ƙasan rumbun, sai awo ya tsananta, a rage nan a rage can. Haka jiki yake da kitsensa, kuma yana da hanyar sanin abin da ya rage. Ƙwayoyin kitse na fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller a 1994. Idan leptin ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa na ɗaukar hakan a matsayin alamar fari: ta ƙara yunwa, ta rage sinadarin maƙogwaro da ke tafiyar da saurin ƙona abinci, ta rage sinadaran haihuwa, ta sa mutum kasala. Mai ƙiba ko ya sauke kilo 10 yana da sauran leptin da yawa. Wanda dama kitsensa kaɗan ne, da ya taɓa ajiyar ake fara ƙararrawa.

Binciken da ya fi fito da wannan a fili shi ne wanda Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945. Samari 36 ne masu ƙoshin lafiya, ba masu ƙiba ba, aka mayar da abincinsu kusan kalori 1,570 a rana har tsawon mako 24. Sun rasa kusan rubu'in nauyinsu, abin da jikinsu ke ƙonawa a hutu ya faɗi da wajen kashi 40 cikin 100, fiye da yadda raguwar jikin kaɗai za ta bayyana. Sanyi ya riƙa damunsu, sha'awa ta mutu, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su suka ci har kitsensu ya wuce na da. A 1995 kuma Rudolph Leibel da abokan aikinsa a New York sun nuna cewa wanda ya sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ko mai ƙiba ne ko ba mai ƙiba ba, jikinsa na ƙona ƙasa da abin da lissafin sabon nauyinsa ya nuna, da 'yan ɗaruruwan kalori a rana.

Amma a ganina yunwa ce babbar abokiyar gaba, ta fi raguwar ƙonawa ɓarna. Ƙungiyar Kevin Hall ta cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta a 2016 cewa kowane kilo da mutum ya sauke na ƙara masa sha'awar cin kusan kalori 100 a rana, alhali abin da ƙonawa ke raguwa da shi bai wuce 20 zuwa 30 ba. Wannan yunwar ba ta zuwa da sallama. Ludayin miya ne ke ɗan ƙara cika, tsire na naira kaza ya koma na naira kaza, a ɗan tsinci gyaɗa a mota. Mutum zai rantse bai canza komai ba, kuma da gaskiyarsa yake rantsuwar.

Ƙara gudu ba ya biya kamar da

Wanda bai taɓa motsa jiki ba yana da fili a gabansa: daga babu zuwa tattakin minti 40 babban canji ne. Wanda ke atisaye kwana biyar a mako ya riga ya cinye wannan filin. Ba zai ninka ba sai da rauni a gwiwa ko agara. Abin da ya ƙara ma ba dukansa ke shiga lissafi ba. Herman Pontzer ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna tafiya, ya wallafa a 2012 cewa jimillar abin da suke ƙonawa a rana, idan aka yi la'akari da girman jiki, kusan ɗaya ne da na mazauna biranen Turai da Amurka. A 2016 ya sake duba mutum 332 daga Ghana, Afirka ta Kudu, Seychelles, Jamaika da Amurka, ya ga ƙonawa na ƙaruwa daga mai zaman kashe wando zuwa mai matsakaicin motsi, daga nan sai ta miƙe ta daina hawa sosai. Wani babban nazari na 2021 a kan mutum sama da 1,700 ya nuna cewa a matsakaici, kashi 28 cikin 100 na abin da aka ƙona ta motsi jiki na ramawa ta wani wajen.

Ina ake ramawar? Wani ɓangare a cikin jiki ne, wani kuma a ɗabi'a. Wanda ya yi gudun kilomita 10 da asuba cikin yunwa zai yini yana neman wurin zama. Masallacin da yake takawa sai ya hau babur, aiken da yake yi da kansa sai ya tura yaro, ko karkaɗa ƙafa a zaune sai ya daina. James Levine ya nuna a 1999 cewa irin waɗannan ƙananan motsin na iya bambanta da ɗaruruwan kalori a rana tsakanin mutum da mutum. Kuma kada a jingina da agogon hannu mai ƙirga kalori. A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada iri bakwai: a bugun zuciya sun yi ƙoƙari, amma a kalori wanda ya fi kowa daidai ya kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni da 93. Duk wanda ke cin abin da agogo ya ce ya ƙona, ya rufe giɓinsa da hannunsa.

Giɓin ƙarami ne, sikeli kuma yana ruɗi

Saurin da ya dace da mai ƙarancin kitse shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa a mako, kuma gara ya tsaya kusa da na ƙasan. A Norwe, Ina Garthe ta raba 'yan wasa 24 gida biyu a wani bincike da ya fito a 2011. Waɗanda aka sa su sauka a hankali, kashi 0.7 a mako, sun rage kitse har suka ƙara tsoka da kusan kashi 2 cikin 100. Waɗanda aka sa wa burin 1.4 ba su ƙara komai ba. Ga mai kilo 75, rabin kashi ɗaya na nufin giram 375 a mako, wato giɓin kalori 400 a rana. Ga mace mai kilo 60, giram 300 ne, kalori 330 a rana.

Yanzu a duba yadda 330 ke ɓacewa a kicin. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, uku sun share giɓin ranar gaba ɗaya, kuma wa ke auna man da aka zuba a wake da shinkafa ko ɗanwake? Soyayyar gyaɗa giram 100 tana da wajen 570. Lemon kwalba na rabin lita ya haura 200. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, ka ƙirga nawa mai shayi ke zubawa, nawa ake sa wa fura da kunun aya da zoɓo. Mai kilo 110 da giɓinsa ya kai 1,000 zai yi duk waɗannan kurakurai ya ci gaba da sauka. Mai giɓin 330 biki ɗaya a ƙarshen mako ya isa ya cinye masa ribar kwana biyar.

Ko da komai na tafiya daidai, sikeli na iya ɓoye shi. Jiki na ajiye sitaci wajen giram 400 zuwa 500 a tsoka da hanta, kowane giram kuma na riƙe da ruwa kusan giram 3. Ga gishiri da dunƙulen miya, ga kumburin tsoka bayan atisaye mai tsanani, ga abin da bai fita daga hanji ba tukuna. Duk wannan na kai nauyi sama da ƙasa da kilo 1 zuwa 2 tsakanin yau da gobe. Mata kuma da yawa na tara ruwa a kwanakin da ke gaban al'ada. Ta yaya za a hango giram 300 a cikin wannan hargitsi da awo ɗaya na ranar Asabar? Nan ne mutane ke yanke hukuncin cewa sun tsaya, su zabge abinci, su faɗa ramin da muka ambata a farko. Haka nan zufa. A zafin watan Afrilu mai gudu zai iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa guda, ya hau sikeli ya ga ya ragu, da yamma ruwan ya koma. Rigar leda da ɗamarar tumbi ruwa suke matsewa, kuma a irin zafinmu hatsari ne ga ƙoda.

Yadda ake bi da shi

Mako biyun farko kada ka rage komai. Ka riƙa hawa sikeli kowace safiya bayan ka zaga, kafin ka ci ko ka sha, ka rubuta, sannan ka fitar da matsakaicin kowane mako. Ka auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya sau ɗaya a mako. A wannan lokacin ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka, mai kuma a auna shi da cokali kafin ya shiga tukunya. Idan nauyi bai canza ba, abin da kake ci shi ne mizaninka. Daga nan ka cire kalori 300 zuwa 400 a rana, ka fara da mai, sukari da abin sha, domin su ne ba sa ƙosarwa. Tuwo da shinkafa a rage kaɗan kawai, a kuma matso da su kusa da lokacin atisaye, don da su ake samun ƙarfin yin sa.

Furotin shi ne garkuwar tsoka. Ana buƙatar giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyi, wato 120 zuwa 165 a rana ga mai kilo 75. A Jami'ar McMaster ta Kanada a 2016 an rage wa samari kashi 40 cikin 100 na abincinsu na mako huɗu tare da atisaye mai tsanani. Masu cin giram 2.4 a kan kowane kilo sun ƙara tsoka kilo 1.2, masu cin 1.2 kuwa sun tsira da wadda suke da ita ne kawai. Da abincinmu ana iya haɗa shi: ƙwai 3 giram 18, dafaffen naman kaza ko jan nama marar kitse giram 150 wajen 42, kifi giram 100 wajen 21, kofi ɗaya na dafaffen wake wajen 14, rabin lita na nono marar sukari wajen 16. An haura 110 ke nan, hatsi zai cike sauran. Awara tana da kyau idan ba a nutsar da ita a mai ba. Gyaɗa kuwa, duk da furotin ɗinta, a lissafa ta a sahun mai. A cika faranti da zogale, rama, alayyahu, kabeji da kuɓewa, don ciki na jin ƙoshi da yawan abin da ya shige shi.

A wajen ɗaga ƙarfe kada a sauka zuwa marar nauyi ana maimaitawa sau 30 da sunan ƙona kitse don siffar tsoka ta fito. Nauyin ne ke shaida wa jiki cewa ana buƙatar tsokar nan. A riƙe nauyin da aka saba, kowace gaɓa ta samu aiki sau biyu a mako, in gajiya ta yi yawa a rage yawan zagaye. Maimakon ƙarin gudu, a ƙirga taku da waya, a tsayar da adadi, misali 8,000 zuwa 10,000, a tabbata bai faɗi ba yayin da yunwa ta fara sa kasala.

Barci kuma ba ƙaramin abu ba ne. A Jami'ar Chicago a 2010 an ba mutum 10 abinci iri ɗaya, wani lokaci da damar barcin awa 8 da rabi, wani lokaci 5 da rabi. Nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma a lokacin ƙarancin barci kitsen da ya tafi ya ragu da kashi 55 cikin 100, sauran daga tsoka da makamantanta ya fita. Wanda ke ajiye waya ƙarfe 12 na dare ya tashi sallar asuba yana cikin rukuni na biyu. Ya kwanta da wuri bayan isha'i, ya ƙara da ƙailula in da hali.

Ba a cewa an tsaya sai matsakaicin mako uku a jere bai motsa ba, ƙugu ma bai ragu ba. Mace ta kwatanta makon nan da irinsa na watan da ya wuce. Idan tsayuwar ta tabbata, a cire ƙarin kalori 100 zuwa 150, ko a ƙara taku 2,000, ɗaya daga ciki. Bayan mako 8 zuwa 12 a koma cin mizani na mako ɗaya ko biyu. Hutun ba ya gyara ƙonawa yadda wasu ke talla, abin da aka fi tabbatarwa a kan 'yan wasa shi ne yana rage yunwa, kuma wannan ma riba ce.

Azumin Ramadan ba ya karya wannan ƙa'ida. Nazarin da ya haɗa bincike masu yawa ya nuna matsakaicin abin da ake saukewa kilo 1 ne da ɗoriya, masu ƙiba sun fi saukewa, kuma yawanci yana dawowa cikin makonni kaɗan bayan sallah. Ga mai motsa jiki, watan na riƙe tsoka ne: furotin a sahur da buɗa-baki, atisaye bayan an sha ruwa, a sassauta wa ƙosai da soye-soye.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi tun kafin a fara: shin saukar ma dole ce? Idan kewayen ƙugunka bai kai rabin tsawonka ba, misali ƙasa da santimita 87 ga mai tsawon 175, hawan jini da sukari kuma lafiya lau, ragowar kilo ukun nan na ado ne, ba na lafiya ba. Babu laifi a nemi ado, amma a san farashinsa. Jikin namiji na buƙatar kitse kashi 3 zuwa 5 cikin 100 don rayuwa kawai, na mace 10 zuwa 13, kuma matsala na farawa tun kafin a kusanci wannan iyakar. Hotunan masu gasar jiki da ake gani a Instagram yanayin 'yan kwanaki ne, ba a zama a cikinsa. Shayin rage ƙiba da yawa ganyen filasko ne ko maganin sa fitsari, gudawa da ruwa suke fitarwa. Alluran rage ƙiba na zamani kuma an yi su ne don masu ƙiba ta gaske ko masu ciwon suga, a ƙarƙashin kulawar likita.

Tun 2014 kwamitin wasannin Olympics na duniya ya ware matsalar ƙarancin abinci ga masu atisaye a matsayin lalura mai zaman kanta, ga maza da mata. Alamominta su ne al'ada ta rikice ko ta ɗauke, sha'awa ta mutu, jin sanyi lokacin da kowa ke jin zafi, zubar gashi, farkawa tsakar dare da yunwa, mura a kai a kai, ciwon ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa da ya ƙi warkewa, da ƙarfi da ke raguwa mako bayan mako. Wanda ya ga biyu daga ciki ya koma cin mizani nan take. Macen da al'adarta ta ɗauke wata uku ba tare da juna biyu ba ta je asibiti, domin ƙashi ke zubewa a wannan lokacin kuma ba lallai ya dawo duka ba. Mai juna biyu, mai shayarwa, matashin da bai gama girma ba, da mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin suga, kada su bi lissafin da ke sama sai likita ya duba su ya daidaita musu adadin.